Agogon da Na Ɗaura wa Baba Ilu

Kwanan baya wani saurayi daga cikin masu gyaran waya da ke gefen teburina ya ce wai shi aikin agogo a wuni ɗaya zai koye shi. A ɓalle murfi, a cire batir, a sa sabo, a mayar da murfi, shi ke nan. Ban yi masa musu ba, don ni tun ina yaro musu ba ya karɓata. Kullum kafin in haɗa amsa an riga an watse. Sai na ciro wani tsohon agogo irin wanda ba ya cin batir, na buɗe bayansa, na kwance sukuru ɗaya na ajiye a kan farin ƙyalle, na miƙa masa hantsaki na ce ya mayar. Ya sunkuya, ya yi numfashi, sukurun ya tashi. Har aka kira la'asar yana rarrafe a ƙarƙashin tebur. Saboda shi da abokansa na zauna na rubuta wannan, tunda da baki ba zan iya ba.

Kawuna ne ya kai ni wannan sana'a. Na bar sakandare ban gama ba, na dawo gida Keffi, unguwar Gangaren Tudu, na tare a zaure da littattafai. Ba na zuwa gona, ban iya ciniki ba, ko gaisuwa sai an kasa kunne ake jin muryata. Kawu ya ce yaron da zai wuni yana kallon takarda ɗaya bai motsa ba, gara a samo masa abin da zai riƙa kallo ana biyan sa. Ya tasa ni gaba har Sabon Gari, wurin Oga Bitrus, ɗan ƙabilar Eggon da ya koyo gyaran agogo a Jos, ya ce ga Hudu nan, a yi yadda za a yi da shi. Shagon ɗaki ɗaya ne mai taga ɗaya, kuma tagar ta Oga ce. Abin da ya tambaye ni kawai shi ne ko ina shan taba, ko tafin hannuna yana gumi. Na ce a'a ga duka biyun. A lokacin da nake ba da amsar ma tafin yana yi.

Watannin farko ban taɓa agogo ba. Aikina in goge tebur, in wanke kwanon fetur, in bi ƙasa da maganaɗisu ina neman abin da ya faɗi, sannan in mayar da maganaɗisun can bayan ƙofa, don in ya kusanci agogo sai ya haukata shi. Kayan aikin ba su da yawa, kuma har yau su ne dai: gilashin ido ɗaya da ake maƙalawa a kwarmin ido, hantsaki, ƙananan sukuddireba da ake wasawa a kan dutse, burushi mai laushi, da 'yar kwalbar mai da ake ɗiba da bakin allura. A cikin agogon akwai wani siririn sifirin da muke kira gashi, shi ne yake bugawa ya raba lokaci. Wanda ya iya kama gashi bai lanƙwasa shi ba, ya fara zama mai gyara. Sauran duk masu buɗe murfi ne.

Agogon farko da aka bar min ni kaɗai na wani direban tifa ne, cike da jar ƙasa da gumi. Na warware shi, na wanke, na haɗa, ya tashi. Don murna sai na ƙara masa mai, a tunanina gata nake yi masa. Man ya bi ya liƙe gashin, agogo ya kama gudu. Bayan 'yan kwanaki direba ya dawo ya ajiye shi gaban Oga, ya ce yakan bar Keffi da hantsi, kafin ya kai Akwanga agogon ya ce dare ya yi. Oga bai yi faɗa ba. Ya dai sa ni na sake wankewa a gaban mai shi, shi kuma yana tsaye a ƙofa yana maimaita labarin ga duk wanda ya wuce.

Al'adar sana'ar ita ce in ka gyara agogo ka ɗaura shi a hannunka na 'yan kwanaki kafin ka ba mai shi, don agogo yakan yi gaskiya a kan tebur ya yi ƙarya a jiki. Zafin fata da motsin hannu suna canza masa tafiya. Oga kullum hannunsa da biyu ko uku. Ni kunya ta hana ni, ina ganin za a ce ina yanga da kayan mutane. Sai na ƙirƙiro tawa hanyar: yau in rataye a ƙusa, gobe in kwantar da shi rub da ciki, jibi in sa a aljihu. Haka na yi shekaru ina gyaran agogo hannuna fayau, ga ɗan gemu da na bari don reza tana fito min da ƙuraje, ga littafi kullum a aljihun riga.

Da kuɗin mai ya shigo, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi har da ariyas, sai kowa ya zama mai agogo. Masinja ya saya, malamin firamare ya saya, alhazai suka riƙa dawowa daga Makka da ɗaya a hannu wasu a jaka. Da aka fara aikin sabon babban birni, direbobi da leburori suka cika hanyar nan, su ma da nasu. Abin da ya fi kawo mana aiki kuwa alwala ce. Mutum ya manta ya wanke hannu har gwiwa da agogo a ɗaure, ruwa ya bi ta wurin murzawa, gilashi ya yi raɓa ta ciki, kafin a ankara tsatsa ta ci. Oga yakan ce shi Kirista ne, amma salloli biyar ɗin nan su ke ciyar da gidansa. Agogon da tsatsa ta gama da shi, ko wanda ba a samun kayansa, sai a gaya wa mai shi ya mutu. Yawanci ba sa ɗauka, sai su ce a bar shi nan. Irin waɗannan muke zubawa a wani babban gwangwanin madara da muke kira gwangwanin matattu, mu ciro sukuru ko hannu ko gilashi in buƙata ta taso. Ba wanda ya taɓa tambayar wanne ne na wa a ciki.

Sai shekarar tarzomar Kano, dab da Kirsimeti. Labarin ya zo ta rediyo, amma na bakin direbobi ya fi yawa kuma ya fi muni. Wani mai wa'azi ne da mabiyansa, waɗanda ke tsine wa duk mai ɗaura agogo ko sauraron rediyo ko hawa keke, suka far wa jama'a da 'yan sanda da adduna da kibau, har sai da aka kawo sojoji. An kashe mutane da yawa, kuma akasarinsu Musulmi ne, amma wannan ɓangaren labarin bai iso Sabon Gari da ƙarfinsa ba. Abin da ya iso shi ne masu kabbara sun yanka mutane, kuma waɗanda suka kuɓuce sun watsu cikin ƙasa. Aka fara lissafa alamominsu: baƙo, mai gemu, ɗangalallen wando, ba yawan magana, kuma ba agogo a hannu. Da na ji lissafin, sai na ga ban da baƙunta da wando duk na cika.

A masallatan cikin gari malamai sun yi ta bayani cewa wannan ba addini ba ne, sai dai mu da muka riga muka sani mu ne a zaune muna ji. Matan da suka saba shigowa suna tsokanata, "Malam Hudu, yaushe za mu sha biki," suka koma gaisuwa daga bakin ƙofa. Wani malamin asibiti da na yi shekaru ina yi masa gyara ya ja Oga gefe ya tambaye shi ko ya san irin littattafan da nake karantawa. Oga ya ce ya sani, ɗaya na koyon Turanci ne ɗaya na tatsuniyoyi, kuma wanda ya tsani agogo ba zai ƙarar da idonsa a cikinsa ba. Duk da haka washegari ya ɗauko guda biyu ya ɗaura min da kansa, ɗaya a kowane hannu, ya ce in riƙa naɗe hannun riga. Mu ma a cikin gari abin bai bar mu ba. A sahu sai ka kama na gefenka yana leƙen tsintsiyar hannunka, daidai lokacin da kai ma kake leƙen tasa.

Ba mu taɓa ciniki irin na wannan lokacin ba. Duk mai gemu yana neman agogo: masu faci, masu yankan farce, masu goro, Fulanin da ke kawo shanu. Wanda ba shi da halin sabo sai ya ce a ba shi ko wanda ba ya aiki, shi dai a gani. Muka juye gwangwanin matattu, mu goge gilashi, mu sa maɗauri, mu ɗaura. Ya zamana in ka tambayi lokaci a tasha, kowa tasa amsar daban, gwargwadon sa'ar da nasa ya mutu.

Aikin da nake son in ba ku labarinsa na Baba Ilu ne, mai shayi. Teburinsa yana tsallaken titi daidai tagarmu. Daga can arewa ya zo, kusa da iyaka, shekaru masu yawa kafin zuwana shagon. Dogo ne, gemunsa fari, wandonsa a ɗangale don kada ruwan wankin kofi ya jiƙa shi, ba mata a nan, ba dangi. Yana hayar ɗaki ɗaya a gidan da ke bayan teburinsa, gidan Maman Yohanna, wata mai sayar da atamfa da mijinta ya rasu da daɗewa. Ɗanta Yohanna ɗan sanda ne a Kano. Bayan tarzomar aka dawo da shi gida hannun dama a naɗe. Sara ne, ya tsinke jijiya, yatsun ba su ƙara motsi ba. Daga nan sauran 'yan haya suka taru suka ce mata ko Baba Ilu ya tashi ƙarshen wata, ko su su tashi. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, amma ta daina aiko da kofinta da safe. A lokacin kuwa ba mai ba baƙo mai gemu ɗaki, kuma wanda aka samu yana kwana a tasha 'yan sanda ke kwashewa. In ya rasa ɗakin nan, ya rasa Keffi.

Ya shigo shago da hantsi, ran da Oga ya tafi Jos sayo kaya, ya tsaya yana goge hannu a riga.

"Malam Hudu, a ɗaura min irin abin nan da ake ɗaura wa mutane."

Na tambaye shi ko ya iya dubawa. Ya ce shi rana yake dubawa, kuma ba ta taɓa tsaya masa ba, amma an ce masa yanzu ba ta isa shaida ba.

Na leƙa gwangwani. Saura tarkace, sai guda ɗaya mai kyan jiki, farin ƙarfe, fuskar ta ɗan yi ja don tsufa, da wani ɗan tabo a gefen gilashi. Da na yi kamar yadda muke yi wa kowa, in goge in ɗaura, ƙila da an wuce wurin. Amma na yi tunanin 'yan hayan nan za su tambaye shi lokaci don su gwada shi, kuma ni ma hannuna ya gaji da ɗaura wa mutane gawa. Na buɗe. Gashin ne ya karye. A cikin tarkacen kuwa akwai wani irinsa sak da mota ta taka, jiki ya wargaje amma gashi lafiya lau. Na ce Baba ya dawo gobe. Na wanke, na dasa, na sa mai da bakin allura. Ya tashi yana bugawa kamar ba abin da ya taɓa samun sa.

Koyarwar ce ta gagara. Na zana masa da'ira a ƙasa, na nuna masa gajeren hannu da dogo. Ya tambaye ni dalilin da ya sa gajeren ne shugaba. Na shiga bayani irin na littafi har ruwan shayinsa ya tafasa ya kashe wuta. Abu biyu kawai ya kama: a cire kafin alwala, a murza masa kai kowace safiya. Murzawar kam ta yi masa daɗi. In aka tambaye shi lokaci, sai ya ɗaga hannu ya ƙura wa agogon ido cikin mutunci, ya saci kallon inuwar tebur, ya ce azahar ta kusa. Ba ya kuskure kuwa.

Bai daɗe da shi ba sai ga Maman Yohanna ta tsallako titi riƙe da tsintsiyar hannunsa kamar ta kamo ɗan makaranta, 'yan haya biyu na biye. Oga ya dawo ke nan. Ta ɗora hannun Baba a kan teburinsa.

"Bitrus, agogon wa ke nan?"

Oga ya maƙala gilashi, ya duba, ya cire, ya dube ni. Na mijinta ne. Ta kawo shi shekarar da ya rasu, kafin zuwana, Oga ya ce mata ya mutu ba a samun kayansa, ta bar shi nan don ba ta son ganin sa a tsaye. Tabon gefen gilashin ta san ranar da aka yi shi. Ɗaya daga cikin 'yan hayan ya fara cewa ai dama sun faɗa, ga shi har sata ta shigo, a kira 'yan sanda kawai. Ni da na tashi raba tsoho da zargi ɗaya, na ɗaura masa na biyu a hannu, har da sabon maɗauri.

Nan ne ya kamata in yi magana, kuma na yi, sai dai daga gashi na fara. Na ɗauko wanda mota ta taka ina nuna mata inda na cire, ina bayanin yadda ake dasawa. Ta ce in yi mata shiru, ba lacca ta zo ji ba. Ta dai gane daga gwangwaninmu abin ya fito. Ta juya kan Oga ta wanke shi tas. Ya ce mata abu ya mutu, ga shi yana yawo a hannun mutane. In haka yake riƙe amana, gara ya koma gyaran fitila. Oga ya sunkuyar da kai yana ta "Mama, a yi haƙuri." Sai da ta gaji sannan ta waiwayi Baba Ilu, wanda har lokacin hannunsa yana kan tebur bai janye ba.

"Baba, ƙarfe nawa yanzu?"

Ya dubi agogon, ya nemi inuwa, a cikin shago kuwa babu. Ya ce, "Madam, ban sani ba."

"To me kake yi da shi?"

"An ce wanda ba shi da shi, irinsu ne suka sari Yohanna. Ni kuma ba ni da inda zan je."

Ta daɗe tana kallon hannun. Sannan ta kwance maɗaurin da kanta, ta kara agogon a kunne, ta ƙulle shi a bakin zane. Ta ce wa 'yan hayan mutumin nan shi yake yanka wa Yohanna burodi tun bai shiga makaranta ba, kuma duk shekarun nan ba da agogo ya yi su ba. Wanda ɗaki ya yi wa zafi, ƙofa a buɗe take. Shi Baba kuwa abin da ta ce masa kawai ya koma, ruwansa yana ƙonewa.

Ɗan haya ɗaya ya tashi, ɗakinsa ya daɗe a rufe. Malamin asibitin bai ƙara kawo min agogo ba. Mu kuma Maman Yohanna ta baza mana labari a coci da kasuwa cewa shagon Bitrus yana binne agogo da ransa, sai ga mutane suna ta zuwa neman matattunsu. Na yi makonni ina bin masu faci da masu goro lungu-lungu ina roƙon su kwance, ni da ko gaisuwa ke yi min wuya.

Agogon ta ba Yohanna, yana ɗaurawa a hagu. Da farko ko kallon teburin shayi ba ya yi; in zai fita sai ya bi ta bayan gida. Uwar ke murza masa da safe, tunda yatsun dama ba sa kamawa. Wata rana ta yi sammakon zuwa kasuwar Nasarawa, sai na hango shi ta taga yana tsaye a ƙofar gida yana ƙoƙarin murzawa da haƙori. Baba Ilu ya ajiye buta, ya goge hannu, ya je ya tsaya a gabansa. Sannan Yohanna ya miƙa hannun, fuskarsa tana kallon wani wuri, Baba ya murza masa agogon. Daga ranar abin ya zama na kullum, daga baya har da zama a benci da kofi.

Sai dai Baba bai san inda ake tsayawa da murzawa ba. Na nuna masa, ya gyaɗa kai, ya ci gaba da abinsa. Shi a ganinsa yawan murzawa shi ne kulawa, sai ya ji abu ya ce ƙas. Babban sifirin ya tsinke, Yohanna ya tsallako da agogo yana faɗa, wai wane irin gyara ne wannan. In karɓa, in sa wani, in ce ya yi haƙuri, kayan yanzu ne ba su da ƙarko. Haka muka yi ta yi har Baba ya rasu. Shi ya sa in kun je Sabon Gari kuka tambayi tsofaffi labarin Hudu mai agogo, za su ce muku mutumin kirki ne, ba ruwansa da kowa, amma gyaransa ba ya daɗewa.